Kurungun Dam ɗin Karaye

Ana sallame sallar asuba muka bar Sharada ranar Lahadin da ta wuce, ni da abokin ɗakina. Shekara tara ke nan muna haya ɗaki ɗaya, muna aiki a kamfanin robobi ɗaya, shi a kan babban injin niƙa roba, ni a wajen ɗaure kaya. Shi mutumin ƙasar Malumfashi ne, ni kuwa daga Jigawa nake, kowa iyalinsa na gida. Tun farkon zamanmu yake ba ni labarin kurungu, kifin da ya ce yana gurnani idan aka fito da shi daga ruwa. Mahaifinsa ne ya koya masa kamunsa yana ƙarami. Kullum sai mu ce wata Lahadin za mu je dam ɗin Karaye, Lahadin ta zo mu ɓige da wanki. Ranar Alhamis kawai ya ce mini wannan karon babu fashi.

Ya fito da wata ƙatuwar jaka, na tambaye shi ko kifin dam ɗin duka zai kwaso. Murmushi ya yi, bai amsa ba. Ban yi mamaki ba, don kusan shekara biyu ke nan haka muke. In yi magana ya yi shiru, ko ya ba ni amsar abin da ban tambaya ba. Rediyonsa kuwa sai ya ƙure masa murya. Na ɗauka ya gaji da ni ne, ni ma na ja bakina. Muna cin abinci a kwano ɗaya, amma kowa da inda yake kallo.

Adaidaita sahu ya bi da mu ta Dorayi zuwa Kabuga, daga nan muka shiga motar Gwarzo, mutum huɗu a baya, biyu a gaba. Kuɗin mota ya ninka yadda na san shi, direba kuma bai jira an tambaya ba ya ɗora wa fetur laifi. A Rimin Gado aka tsaya ɗaukar fasinja, muka sha koko da ƙosai a tsaitsaye. Daga nan gonaki ne hagu da dama, dawa ta fi mutum tsawo, ana cire gyaɗa. Na daɗe ban ga fili haka ba. Wani dattijo a gefena ya ɗora mini kajinsa biyu a ƙafa har Gwarzo, ya ce ai ba su da nauyi. Daga Gwarzo muka sake mota zuwa Karaye, sannan ɗan acaba ya ƙarasa da mu bakin ruwa.

Sunan dam ɗin Challawa, sunan da ni a wajena yake nufin kamfanonin jima da hayaƙi da jiniyar tashi daga aiki. Sai ga shi ruwa ne shimfiɗe har inda ido ya ƙare, ba ka jin komai sai tsuntsaye da bugun filafili. Kunnena ya saba da ƙarar inji har shirun ya riƙa damuna.

Wani tsohon masunci ya yarda ya shiga da mu a kwalekwalensa. Da abokina ya ce kurungu muke so, sai tsohon ya yi dariya, ya ce mutanen birni tarwaɗa da karfasa suke nema, kurungu rabinsa kai ne. Ya kai mu wani wuri mai kututturan itatuwa a ƙarƙashin ruwa, ya ce can ƙasa kurungu yake kwanciya. Muka sa tana a ƙugiya, muka ɗaura ɗan dalma don ta nutse. Tsohon ya gargaɗe ni da ƙayoyin kurungu uku, ɗaya a baya, biyu a gefe, ya nuna mini wani tsohon tabo a tafin hannunsa.

Ni dai ban iya ruwa ba, hannuna ɗaya na kan igiya, ɗayan ya damƙi bakin jirgi. Mun fi awa biyu ba mu samu komai ba. Sau biyu ƙugiyata tana maƙalewa a kututture ina ihun na kama babba. Da rana ta ɗaga sai na ga abokina ya gyara zama, ya fizgi igiya, ya shiga jawowa a hankali. Kifin bai kai tsawon kamu ɗaya ba, jikinsa ɗigo-ɗigo, ga gashin baki, ga kai kamar dutse. Yana faɗowa cikin jirgi ya baje ƙayoyinsa ya fara ƙurr, ƙurr, kamar tsohuwar ƙofar langa-langa. Na tuntsire da dariya, ashe shekara tara gaskiya mutumin nan yake faɗa mini.

Shi bai yi dariya ba. Ya ɗauki kifin ta bayan kai, ya kai shi kusa da kunnen hagu, ya mayar kunnen dama. Sannan ya dube ni.

"Yana yi?"

"Yana yi mana," na ce. "Ba ka ji ba?"

Ya girgiza kai. Ya ɗora babban yatsansa a gindin ƙayar gefe, inda ƙarar take fita, ya rufe ido, ya daɗe a haka. A nan cikin jirgi ya gaya mini komai. Likita ya ce kunnensa na hagu ya tafi, na dama saura kaɗan, idan ya ci gaba da tsayawa a kan inji shi ma zai bi. Ranar Alhamis ya ajiye aiki. Jakar da ya bari a bakin ruwa kayansa ne, daga nan gida zai wuce, ya koma gona.

Na matsa kusa da kunnensa na dama na tambaye shi me ya hana shi gaya mini tun tuni. Ya ce da farko kunya ya ji, kuma yana tsoron maganar ta kai ofis. "Daga baya kuma," ya ce, "na ga kai ma ka daina yi mini magana, na ce ko na ishe ka ne."

Tsohon masuncin ya juya fuskarsa yana gyaran igiya.

Kafin azahar mun kama guda biyar, ɗaya nawa ne. Wata mata mai tuyar kifi a bakin ruwa ta karɓa ta kakkarya ƙayoyin, ta wanke da toka don santsi ya fita, ta yi mana farfesu da attaruhu da albasa da citta da ɗan daddawa. Tsohon ya yi gaskiya, naman ba shi da yawa, amma yana da maiƙo da laushi, romon kuma har kama leɓe yake. Da burodi muka ci. Na zauna a daman abokina ina ɗaga murya, na ba shi labarin duk abin da na riƙe a ciki shekara biyu, har da rashin lafiyar mahaifiyata da bai sani ba. Matan da ke wajen suna ta kallona, wata ta tambayi mai tuyar ko faɗa muke yi. Shi kuma ya tsotse kawunan kifin nan ɗaya bayan ɗaya, har da nawa.

A tashar Gwarzo muka rabu bayan la'asar. Ya ciro makullin ɗaki daga aljihu ya ba ni, ya ce katifa da risho ya bar mini. Ya ce kada in wahalar da kaina da kira, in riƙa rubuto saƙo, zai karanta ko da a hankali. Muka yafi juna. Motarsa ta riga tawa cika, na tsaya ina kallo har ta sha kwana.

Dawowa babu abin ba da labari. Hanya ɗaya ce, gonakin ma su ne, amma ban kalle su ba. Na iso Sharada ana kiran magariba, masu aikin yamma suna shiga kamfani, masu shayi suna hura wuta. Mai gidan hayarmu ya tare ni a zaure yana tambaya ko zan kawo wani mu raba ɗakin, ashe shi an sanar da shi. Na ce ya ba ni lokaci.

Ga mai son zuwa, ya tashi da wuri, ya tafi da hula mai faɗi, kuma ya kiyayi ƙayar kurungu. Abin da ni na koyo a tafiyar nan bai shafi kifi ba. Na kwana ɗaki ɗaya da mutum shekara biyu yana rasa jinsa, ban taɓa tambayarsa lafiya ba, sai fushi na yi ta yi da shi a raina. Idan na kusa da ku ya yi shiru, ku matsa ku tambaye shi tun yana nan.

Jiya da na dawo daga aiki na yi sallama a ƙofar ɗaki da ƙarfi sosai, don ya ji. Sai da na cire takalmi na tuna, na amsa wa kaina na shiga.