Muryar Don Nemesio a Kunnenmu

Ranar Laraba, goma sha biyu ga watan Fabrairu, da hantsi, Marleny ta kira ni ta ce mahaifinta ya cika. Ciwon ƙirji ya kama shi yana karin kumallo, kafin a isa asibiti da shi a garin Duitama rai ya yi halinsa. Daga Allah muka zo, wurinsa kuma za mu koma. Don Nemesio Cuchimaque, mai horar da ƙungiyarmu ta tseren keke, ka tafi ka bar mu a tsakiyar hanya, ni kuwa tun ranar hankalina bai kwanta ba.

Ina saurayi ka tsince ni a hanyar Paipa, ina kai madara a kan tsohon keken babana. Ka bi ni da mota har saman tudu, ka leƙo ka ce, "Ɗan wane ne kai? Ka ce wa uwarka Nemesio zai zo cin abinci ranar Lahadi." Ka zo ɗin, ka roƙe ta ta ba ka ni. Daga nan gidanka ya zama namu. Matarka Doña Herminda ta ciyar da mu miyar dankali har ba ta san iyakar bakunan da ta ciyar ba. Ba ka taɓa barin ɗan tsere ya hau hanya babu alewar gwaiba a aljihun rigarsa ba, ko da na wata ƙungiya ne.

Lokacin da oba-oba ta shigo tsere, aka fara maƙala wa 'yan keke abin sauraro a kunne don mai horarwa ya yi musu magana daga cikin mota, kai ne ka fi kowa ƙin ta. Amininka Don Ovidio, mai horar da ƙungiyar garin Sogamoso, shi kuwa ya same ta kamar an ba yaro ganga. Tun daga tashi har ƙarshe yana ihu a kunnen yaransa. In kun haɗu wurin shan kofi sai ka ce masa, "Ovidio, kai fa ba 'yan tsere gare ka ba, jakuna ne kake kora da baki." Shi kuma ya ce, "To naka da ba a kora, ina kofin da suka kawo? Tsufa ne ke damunka, kana tsoron abu mai batir." A haka kuka saba, kuma shi ya fi kowa kuka a bakin kabarinka.

Daga baya ka karɓe ta, don kowa ya karɓa, amma sai mu yi rabin yini ba mu ji muryarka ba. Har ranar da ba zan manta ba. Muna gangaro wani dutse, gajimare ya sauko ya rufe kwalta. Ni ne na biyu, Jhon Fredy na wata ƙungiya yana gabana, ina ganin tayarsa ta baya, kuma ban taɓa kusantar nasara kamar ranar ba. Sai na ji ka a kunnena, murya a kwance kamar kana tambayar gishiri: "Wilmar, ɗana, kama birki. Duwatsu sun zubo bayan kwanar nan. Ƙyale shi." Mai babur da ke gaban 'yan tsere yana duba hanya ne ya sanar da motocin masu horarwa. Na kama birki raina a ɓace. Jhon Fredy bai ji komai ba, na'urarsa ta mutu tun a hawa, kuma na ƙwala masa kira iska ta tafi da kiran. Na sha kwanar a hankali na same shi a ƙasa, ƙugu a karye. Bai sake tsere ba. Kai ka riƙa kai masa abinci asibiti alhali ba yaronka ba ne, kai kuma ka sama masa aikin gyaran kekuna da yake ci da iyalinsa yau.

Na ɗauka daga ranar ka sallama wa Ovidio. Da na faɗa maka haka sai ka girgiza kai. Ka ce, "Ranar nan oba-oba ta cece ka. Amma ka lura da abin da ke faruwa in an tunkari ƙaramar gada. Duk masu horarwa sai su ce wa yaransu su matsa gaba a lokaci guda, gadar kuwa ba ta ɗaukar kowa. Wa ya tura su? Mu da ke zaune a mota da abin ɗaure ƙirji." Na ga hakan da idona sau da yawa bayan na daina tsere na koma mataimakinka: kekuna a kan kekuna, yara a kwance suna kiran uwayensu, mu kuma a baya kowa na cewa ba shi ba ne.

Bara ma, Duván, wanda ya fi kowa ƙarfi a cikin yaranmu, ya rasa tseren da ke hannunsa. A hawan tudu na ƙarshe abokan hamayyarsa sun gaji, ya tsaya jiran ka ce masa ya tafi, kai kuma ka yi shiru. Ina gefenka ina roƙonka ka yi magana, ka ƙi. Da ya sauka ya zo yana huci ya ce, "Malam, me na yi maka ka yi min shiru?" Ka miƙa masa ruwa ka ce, "Ni bayan mota nake gani, kai ke ganin fuskokinsu. In sai na faɗa maka ƙafarka na da ƙarfi, ranar da ba na nan fa?" Duván ya yi mako bai gaishe ka ba. Shi ya riƙe gaban akwatin gawarka ranar jana'iza, bai yarda an karɓe shi ba har muka isa.

Ga ranar ta zo, Don Nemesio. Wata mai zuwa za a yi babban tseren jiharmu, kuma hanyar ta bi ta gangaren da Jhon Fredy ya faɗi. Masu ƙungiya sun ce ni zan zauna a kujerarka. Masu shirya tseren kuma sun ce masu horarwa su zaɓa, a bar oba-oba ko a hana ta bana. In na ce a hana, wani abu ya zubo a bayan kwana, da wane baki zan yi wa uwar yaro bayani? In na ce a bari, ni na san halina, ba ni da haƙurinka. Tsoro zai sa in cika wa yaran kunne, in tura su gada tare da kowa. Makon da ya wuce na tambaye ka wanne za mu zaɓa, kana wanke mota, ka ce, "Bari in gama, mu zauna da kofi, maganar ba ta tsaye ba ce." Aka kira ni wani wuri na tafi, ba mu zauna ba. Jiya na je wurin Ovidio neman shawara. Ya ce, "Shekara da shekaru ina musu da shi, yau da za a tambaye ni, ban san wanda ya yi gaskiya ba."

Ina miƙa ta'aziyyata ga Doña Herminda, uwarmu duka, da Marleny da ƙannenta, da jikokinka, da Don Ovidio, da duk wanda ya taɓa cin abinci a teburinka. Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi. Allah ya jiƙanka, Don Nemesio, ya yafe maka kurakuranka, ya sa ka huta, ya saka maka da alherin da ka yi wa 'ya'yan mutane. Yaran da ka bari kuwa, ranar da za su gangaro dutsen nan, Allah ya sauko da su lafiya, namu da na sauran ƙungiyoyi, ya mayar da kowa gaban uwarsa da ƙafafunsa.