Ƙullin da ba a yi a wutsiyar igiya ba

Shekara tara ke nan da rasuwar aminina Malam Isufu. A lokacinsa, mai gyaran itatuwa a nan Greensboro da igiya da ɗamara yake hawa, ya rataye zarto mai inji a ƙugu. Yau idan na bi ta East Greensboro, mota mai kwando nake gani tana ɗaga mutum har tsakiyar rassa. Sai inda mota ba ta shiga ake komawa ga igiya.

Isufu mutumin Dogonduci ne. Tun yana ƙarami yake hawa gawo da gatari, yana sassabo wa awakin gidansu ganye da rani, ba igiya ba takalmi. Da ya zo Amurka ya tarar hawan itace sana'a ce mai kaya: hular kwano, abin toshe kunne, ƙugiyoyin ƙarfe masu kulle, da ƙulli iri-iri, kowanne da aikinsa. Ya koye su duka. Ni na zauna Kumasi na ga masu hawan kwakwa, na zauna Madina na ga masu hawan dabino, amma ban ga wanda itace ya karɓa kamar shi ba. Yakan tsokane ni.

"Alhaji, ka zaga duniya, amma ba ka taɓa ganin ta daga sama ba."

"Na shiga jirgi ai."

"Jirgi ɗaukar ka aka yi kamar buhun gero. Wannan ba hawa ba ne."

Su uku suke aiki: shi, da Bitrus mutumin Jos wanda sa'ansa ne, da Haruna, mijin 'yarsa Rakiya. Abin da zan faɗa yanzu da izinin Haruna nake faɗa, hasali ma shi ya roƙe ni in rubuta.

A sana'arsu, mai hawa yakan yi ƙulli a wutsiyar igiyarsa, don in yana sulalowa ƙasa, igiyar ta ƙare, ƙullin ya tare shi. Kuma kafin ya hau, wanda ke ƙasa ya kamata ya taɓa ɗamararsa ya duba kowane ƙulli. Ana gobe abin zai faru zarto ya ɗan ci igiyar Isufu, sai ya yanke wurin ya yar. Ƙullin ya tafi da guntun, igiyar kuma ta rage tsawo.

Da safe, a bayan wani gida a McLeansville, kusa da Greensboro, Haruna ya ga wutsiyar ba ƙulli. Ya gani sarai. Amma a wurinmu suruki ba ya kallon idon surukinsa, ba ya cin abinci a gabansa, balle ya kama ƙugunsa ya ce ya yi kuskure. Sai ya yi abin da aka tarbiyyantar da shi a kai: ya nemi babba ya isar da maganar. Ya zagaya gaban gida wurin Bitrus, wanda ke jefa rassa cikin injin niƙa. Kafin Bitrus ya kashe inji ya ji, su dawo, Isufu ya yi nisa sama, kunne a toshe, zarto na kuka. Suka ɗaga hannu suna ihu. Ya ɗago musu hannu shi ma, ya zaci gaisuwa ce.

Da ya gama ya sulalo, igiya ta ƙare masa a hannu, ya faɗo ƙasa.

Kwana ya ƙare, mun sani. Amma Haruna bai sami natsuwa da wannan ba. Ya daina hawa, ya daina zuwa gidan surukarsa Hajiya, har aka fara cewa auren Rakiya ba zai kai ba. Ni na raka shi ranar da ya durƙusa a ƙofar falonta ya faɗi duk abin da ya faru, kansa a ƙasa. Ta saurare shi har ya gama. Sannan ta ce, "Da ka kama ƙugunsa a ranar, da ya zo gida yana min mita cewa ba ka da kunya. Da na ji mitar nan, da na gode Allah. Tashi. Ka koma aikinka, kada wata ta zauna yadda na zauna."

Na iya harsuna da dama, kuma a kowanne na ga yadda ake girmama babba. Ban ga inda ya fi namu kyau ba, har gobe. Sai dai kunyarmu an gina ta ne don tsakar gida da zaure. Ba wanda ya gina ta don mutumin da ke rataye a sama.

Nakan tambayi kaina me Isufu zai ce da ya ga yau. Motar kwando, na san zai ce buhun gero ne. Amma da ya ga Bitrus da furfurarsa ya tsaya ya ɗaga hannuwa, Haruna yana jan ƙulle-ƙullensa ɗaya bayan ɗaya, ina jin zai yi dariya, sannan shi ma ya shiga layi.

Haruna ne ke riƙe da aikin yanzu. Tsohuwar igiyar tana rataye a motarsa, ba a hawa da ita. Duk sabon da ya zo daga gida, ita ake fara nuna masa kafin a ba shi ɗamara. Tun daga ranar nan, a cikinsu ba wanda ya sake hawa itace sai wani ya kama wutsiyar igiyarsa ya duba, ko da surukinsa ne.