Tamba da Karensa Mai Tsoro

Tamba manomin albasa ne a fadamar Argungu, kuma shi maƙwabtan gona ke kira idan injin ban-ruwa ya ƙi tashi. Ya san tumaki, ya san shanun huɗa, amma har ya yi furfura bai taɓa kiwon kare ba. A ranin bara awakin gari suka addabe shi, suna ƙetare shinge suna tattake masa albasa. Ya yi wa ƙaninsa Abbas ƙorafi, wanda ke facin taya a Nassarawa, cikin Birnin Kebbi.

Ba a jima ba sai ga Abbas a kan babur da kwali ɗaure a baya. A ciki akwai wani ɗan kare ja, ramamme, kunne ɗaya a tsaye, ɗaya a karye.

"Yaya, ga mai gadi na kawo maka. Bayan shagona na tsince shi."

"Wanga ne mai gadin?" in ji Tamba. Karen ya riga ya yi fitsari a kwalin, yana ta karkarwa.

Ya sa masa suna Jatau, ya yi masa 'yar rumfa a gona, domin matarsa Nana Aisha ta ce kare ba zai zauna inda take alwala ba, shi ma bai musa ba.

Da safe Tamba ya tada inji, Jatau ya tsinke igiya ya ruga, sai ƙarƙashin tulin kara aka same shi. Da awaki suka shigo, kwanciya ya yi ya cusa kai tsakanin ƙafafu. Amma buhun wofi da iska ke kaɗawa, shi ya wuni yana yi wa haushi. Ya tauna tiyon ban-ruwa, ya tauna takalmin Tamba. Ko tuwo aka ajiye masa ba ya ci sai an juya baya.

Tamba ya rasa ta inda zai kama. Ya je wurin Hodi, wani tsohon mafarauci.

"Ka ɗaure shi, ka hana mai abinci," in ji Hodi. "In yunwa ta kama shi zai san maigida nai."

Kalilu, maƙwabcin Tamba na gona, ya ce a'a, barkono ake zuba wa kare a abinci don ya yi zafin zuciya. Tamba ya gwada ɗaurin. Karen ya yi ta kuka yana fizga har igiya ta saɓule masa fatar wuya, Tamba ya kwance shi da kansa. Barkonon kuwa bai iya zubawa ba.

Saboda ciwon wuyan ne ya kai shi wurin wata likitar dabbobi a Birnin Kebbi, Maryamu. Ta wanke ciwon, ta yi masa allurar rigakafin haukan kare. Da Tamba ya gaya mata yadda yake gudun ƙarar inji, ta ce da alama ya sha jifa tun yana ƙarami.

"Baba, kada ka buge shi, kada ka yi masa tsawa. Ka tada inji daga nesa, ka ba shi abin da yake so ya ci. A hankali kana matso da shi."

"Wato in ba shi lada don ya ji tsoro?"

"A'a, Baba. Don ya san ƙarar ba ta cutarwa."

Tamba ya gyaɗa kai, ko da yake bai gane ba. Ya dai sayi ƙananan busassun kifi ya cika aljihu. Masu wucewa suka riƙa ganin dattijo tsugune a kan kunya, ya karkatar da kai gefe, yana miƙa wa kare kifi yana magana ƙasa-ƙasa. Kalilu ya yi dariya har ya gaji.

Wata rana Jatau ya ci kifi dab da inji, Tamba ya koma gida da murna. Washegari kuma karen ya gudu kamar ba su taɓa yi ba. Tamba ya duba ko man ne ya sauya ƙarar injin, ko rigar da ya sa ce, bai samu dalili ba. Gab da cire albasa sai karen ya tashi wa awaki, ya kora su har bakin gulbi, ya dawo duk taɓo yana kaɗa wutsiya. A ranar kuma ya kori jakin Kalilu, sai da Tamba ya je ba da haƙuri.

Da Hodi ya tambaye shi wace dabara ce ta yi aiki, Tamba ya ce, "Wallahi ban sani ba. Ban ma san ko ta yi ba."

Yanzu damina ta sauka, ruwa ya cinye fadama, an koma gonar tudu. Jatau na bin sa har can, amma ya ƙi taka gonar geron. A bakin hanya yake zama. Tamba ya zagaye gonar yana neman maciji ko ramin wani abu, bai ga komai ba. Idan rana ta take, yakan fito da kwanon furarsa ya zauna a bakin hanyar, kusa da karen.