Gyauron Bakin Rijiya

Shekarar da kuturta ta cinye gyaɗa, daga garinmu har Bici babu wanda ya cika buhu. Ni kuwa da kuli-kuli nake riƙe da 'ya'yana tun rasuwar mahaifinsu, ko irin shuka ban tsira da shi ba.

Da rani sai gyauron gyaɗa ya fito a bakin rijiyar lambuna. Na kewaye shi da ƙaya, ina ba shi ruwa safe da yamma. Shi ne irina na baɗi, ba ni da wani.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas lokacin da ƙanena, malamin gona, ya zo. Ya tsuguna, ya juya ganye ɗaya, sai ga darɓa, ƙananan ƙwarin nan masu tsotson ganye, baƙi ƙirin a manne.

"Yaya, sai an tuge shi."

"A tuge me? Kai da ko fartanya ba ka iya riƙewa ba?"

Bai yi fushi ba, abin da ya ƙara ƙona mini rai ke nan. Ya ce ƙwayar kuturtar wani siririn zare ne da ido ba ya gani, ɗauke da umarnin yadda za ta hayayyafa, amma babu na ɗinka wa kanta riga. Sai ta ari rigar wata ƙwayar, ta shige tare da wani ɗan guntun zare, shi ne mai nannaɗe ganye. Mai riga kaɗai darɓa ke iya ɗauka. A ɗanyen ganye su ukun suke cin rani, ba sa bin iri.

"To tunda ba sa bin iri, bar ni ya nuna mana!"

"Kafin ya nuna an yi shuka, Yaya, darɓa ta kwashe cutar ta kai wa sabon tsiro. Dubi gonakin."

Na duba. Gonakinmu kunya ce kawai ta raba su. Ta gabas ta maƙwabcina ce, wanda ya sayar da jakinsa ya sayo iri a Dawanau. Yana tsaye a bakin shinge yana jin mu, ya ƙi ɗaga ido.

Na ce kada wanda ya taɓa mini, ni zan yi da hannuna. Na kama tushen farko na fizge. 'Ya'ya reras, sun fi na kowace shekara yawa. Na fasa ɗaya da farce, farin ruwa ne kawai a ciki.