Sallamar Da Ban Amsa Ba

Lokacin da abin nan ya faru ni matashiya ce 'yar Damagaram mai ji da kanta, na gama karatu a garin Villeurbanne na Faransa, na koma Paris neman aiki. Babanmu malami ne. Da dangi suka yi masa caa kan tura 'ya mace Faransa, shi kaɗai ya tsaya mini, kuma bai nemi komai a wurina ba illa in riƙa gaya masa gaskiya.

Na yi yawo da takarduna har ƙafata ta gaji. A waya a yi ta yabona, in je da hijabi fuska ta canza. Daga ƙarshe wani kamfanin jigilar kaya a Rungis, kusa da Paris, ya ɗauke ni aikin tarbar baƙi, da sharaɗin cewa mai tarbar baƙi ba ta rufe kai. Na sha kuka, amma na amince. Kullum sai in cire hijabina kafin in shiga, in cusa a jaka, in an tashi in mayar. A waya kuwa ina ce wa Baba da hijabina nake aiki, ba mai ko kallona. Wannan maganar ce ta sa ya yarda ƙanwata, wadda ta samu gurbin karatun injiniya a Lyon, ita ma ta taho.

Ana cikin shirin tafiyarta, wani Alhaji ɗan kasuwa, aminin Baba wanda ya ci ragon sunana, ya zo Faransa, ya shigo kamfaninmu aika kaya. Ya gane ni, ya kira ni da sunana na gida, ya yi mini sallama yana murna. Shugabata na tsaye kusa da ni, kaina a buɗe. Kunya ta rufe ni, sai na ce masa bonjour kawai, gaisuwar Faransawa, na tambaye shi da Faransanci abin da ya kawo shi, kamar ban taɓa ganinsa ba. Ya daɗe yana kallona, sannan ya miƙo takardunsa.

Da ya koma gida, bawan Allahn nan bai ambaci kaina ba. Cewa kawai ya yi na ƙi amsa masa sallama. Baba ya kira ya tambayi dalili, na fashe da kuka na faɗi komai. Bai yi faɗa ba. Ya ce ya san lalura, da na gaya masa tun farko da mun nemi mafita tare, amma wurin da ya koya wa 'yarsa yi masa ƙarya da ƙin amsa sallama, ba zai tura ta biyu ba. Gurbin ƙanwata ya wuce ke nan.

'Yan'uwana mata da ke neman abinci a ƙasashen nan, na san matsin da kuke ciki, ba na zargin kowa. Amma duk abin da aiki ya tilasta muku, ku faɗa wa na gida da bakinku, domin akwai masu tsara rayuwarsu a kan maganarku. Yanzu ina wani aikin da hijabina, Baba ma ya yafe mini. Ƙanwata ce dai har yau in na kira na yi mata sallama, sai ta ce mini bonjour.