Bututun Mushe Santsi

A unguwarmu ta bayan kasuwar dabbobi, nan Dakoro, in ka tambayi gidan Sharfaddeen kallonka kawai za a yi. Ce Mushe Santsi, har akuya sai ta nuna maka ƙofa.

Ubansa Ɗangoggo mai yasar rijiya ne. Rijiyoyinmu kuwa kowa ya san zurfinsu, in ka jefa dutse sai ka gaisa da mutane kafin ka ji ƙararsa. Wata rana ana zura tsohon, igiyar da gungumen bakin rijiya ya daɗe yana ci ta tsinke. Sharfaddeen na ɗan lakwal lokacin, wato ɗan makarantar boko. Wansa Attaher ya gaji sana'ar, shi kuma ya gaji tsoro. Tun daga ranar abu ɗaya ke cikin kansa: kada igiya ta ci masa wa kamar yadda ta ci uba.

Ya yi karatu har Yamai, ya dawo yana koyarwa, ana ce masa Mushe yadda muke kiran malamin lakwal. Ashe a duniya akwai manyan malamai da ba su da aiki sai binciken yadda abu ke gogar abu har ya cinye shi. Mu da muka ji sai da muka riƙe ciki. Shi kam bai yi dariya ba. Ya haɗa kai da wasunsu na ƙasashe daban-daban, suka gina dandali a intanet inda masani zai ajiye bincikensa, ɗalibi ya shiga ya karanta, mai tambaya ya yi tambaya. Ya sha hawa katanga da salula a hannu yana farautar rezo, wato sabis ɗin waya, kamar mai kamun fara.

"Mushe, yau mi turawan naka suka goga?" in ji Attaher in ya dawo, laka har wuya.

"Yaya, kai nike wa aiki."

"To ka ce su aiko da goro."

Sharfaddeen ya ɗauki bidiyon wata rijiya a hanyar Roumbou, ya nuna yadda igiyar guga ta yi wa gungume kwari, gungumen kuma yana tsinka ta zare-zare. Ya sa a dandali, ya tambayi yadda igiyar guga za ta daɗe. Malamai suka yi ta muhawara, suka tsaya kan shawara guda: a sanya wa gungumen bututun ƙarfe mai sulɓi, a shafe shi da man giris. Guga ya tambaya, guga suka amsa. Bai tuna ya gaya musu cewa a kan gungumen nan ake zura mutum ba.

Ya sa bututu. Igiya ta daina cinyewa, guga na tahowa kamar ana kiransa. Mata suka yi ta sa albarka, daga nan sunan Santsi ya bi shi. Ƙauyuka suka kwaikwaya, har Adjekoria.

Da bazara ruwa ya ja baya, aka kira Attaher yasa. Masu zura shi suka naɗa igiya a gungume yadda suka saba tun kakanni, don cijewar da take yi a jikin icce ita ke riƙe nauyin mutum, su hannu kawai suke sassautawa. Ba wanda ya yi tunanin komai, har shi Attaher. Yana sakin ƙafa igiya ta zame a kan bututun, ta tafi da shi ƙasa. Ta sale tafin hannun masu riƙo har nama. Sabuwa ce fil, ko zare ɗaya bai tsinke ba.

An kai shi asibitin Maradi. Ya dawo da rai, amma daga ƙugu zuwa ƙasa ba nasa ba ne.

Sharfaddeen ya daina hawa katanga. Shi ke juya wansa, shi ke wanke shi. Wata safiya yana gyara masa tabarma, Attaher ya ce, "Kai ƙane, rijiya nawa ke da ƙarfen nan naka?"

Sharfaddeen ya ci gaba da gyaran tabarma.

"Ni dai an gama da ni. Tashi ka bar shafa ni kamar amarya. Akwai masu yasa bayana."

Sharfaddeen ya rubuta abin da ya faru a dandali, bai rage komai ba. Malaman suka yi jimami, suka mai da labarin darasi ga ɗalibai. Shi kuma ya ari babur ya bi rijiyoyi da guduma yana cire bututu.

A Adjekoria wata dattijuwa, Baraka, ta tsaya tsakaninsa da bututun, guga a hannu.

"Inna, wannan abu ya karya yayana."

"Allah shi ba shi lafiya, ɗana. Amma yasa sau ɗaya ce a shekara. Ja kuwa kullum ne, kuma kafaɗata ce." Sauran matan suka matso bayanta.

Ya roƙa, ya yi bayani, suka ce ranar yasa za su tuna su cire. Ya dubi bututun yana ƙyalli cikin rana, ya mai da gudumar buhu. Akwai wata rijiyar gaba, ya tada babur ya nufe ta.