Duwatsu Shida na Labo Mai Jinka

Labo mutumin Badagishiri ne, gidansa na bakin kwari. Shekara talatin yana ɗora wa rumbunan mutane jinka kafin a zo jan wayar lantarki, wajen 1993.

Aka kafa alamar poto, wato turken wayar, taki biyar daga rumbunsa, geron shekara duk yana ciki. In iska ta kayar da poton da wuta a jikinsa, nan zai kwanta.

Injiniyan aikin, Salisu, ɗan Konni ne mai ladabi. Ya baje doguwar takarda a kan mota.

"Baba, kwantar da hankalinka. Na'ura ta yi lissafi a buro, can ofishinmu: kaurin waya, tazarar poto, da ƙarfin iskar da za ta tura su."

"Iskar ina aka ba ta?"

"Ta garin Tawa. Can masu awon yanayi suke."

"To. Ita na'urar ta taɓa zuwa nan da farkon damina?"

Salisu ya yi dariya. Labo ya ja shi zagaya gari. A kan tudu kowace jinka duwatsu biyu ke rataye da igiya suna danne ta. Da suka gangara, huɗu. A bakin kwari, shida.

"Wa ya ce a sa shida, Baba?"

"Biyar na sa da fari. A gonar maƙwabcina Chindo na tsinto jinkar."

Salisu ya ɗaga dutse ɗaya ya jinjina, ya auna faɗin jinkar, ya rubuta. Shi kuwa Labo yana leƙen takardar, so yake a nuna masa wane layi ne iska, tunda ba ta shiga mudu.

Bayan sati biyu Salisu ya dawo.

"Lissafin na'urar daidai ne, Baba. Ni ne na ba ta iskar fili. Yanzu na ba ta ta kwarinku."

Aka ƙara poto ɗaya a tsakani, aka ɗaure na bakin kwari da wayoyi biyu zuwa ƙasa. Hadarin fari ya taso, waya ta yi ta kuka, poton bai gusa ba. Labo ya ci geronsa har kaka.

Tsohuwar takardar ya roƙa, aka ba shi. Yakan nuna wa baƙi layin iska da yatsa, ko da yake wani lokaci a juye yake riƙe da ita.